Kar a Buɗe Ta a Rana

Shafi na 9

Masu turo min saƙo kuna cewa na cika jan rai, na ji, Allah ya huci zuciyarku. Ku kuma da kuke cewa Kawu Isyaku mutumin kirki ne, ni ce nake shafa masa kashin kaji, ku gyara zama. Yau da idonku za ku gani.

*

Sallamar Kawu Isyaku ce ta sa Muhsina ta kusa sakin kyamarar daga hannunta.

Mutumin nan tun da rigimar gona ta ɓarke tsakaninsa da ƙanwarsa Hanne, mahaifiyar Muhsina, bai ƙara taka gidan nan ba. Da salla bai zo ba. Da zazzaɓi ya kwantar da Inna, ko sannu bai aiko ba. Amma yau ga shi tun daga Gafasa har cikin Gaya, rana tana dukan ƙeyarsa, har da ɗaurin rake a bayan babur.

Inna ta bar tukunyar kalwar da take dafawa ta taso da sauri, bakinta har kunne. Wallahi sai da ta ba ni tausayi.

"Yaya! Yau kai ne a gidan namu? Lale marhabin!"

"Ai zumunta a ƙafa take, Hanne."

"Ke 'yar nan, ɗauko tabarma mana, kin tsaya kamar an dasa ki."

Haka Inna take kiranta. Muhsina ce 'yar farinta, tun haihuwa ba ta taɓa kama sunanta ba.

Muhsina ta zura hijabi, ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, ta durƙusa ta gaishe shi. Bakinsa yana amsa gaisuwa, idonsa kuwa yana kan kyamarar da ke rataye a wuyanta.

Shekaranjiya ta tono ta daga ƙasan adakar marigayi babanta, Abdulmumin Mai Hoto. Tsohuwar kyamara ce mai nauyi, ƙarfe da baƙar fata, irin ta fim. Don murna ta ɗauke ta a waya ta ɗora a sitatas, ta rubuta "Gadon Baba." Cikin waɗanda suka kalla har da Kadijatu, 'yar Kawu.

Ni dai ban ce komai ba. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Kun san inda maganar gona ta kwana. Inna ta ce ranar rabon gadon mahaifinsu a bayan dorawoyi aka dasa gambar iyaka, dorawoyin suna ɓangarenta. Kawu ya ce a gabansu aka dasa. Gambar ta ɓace, dattawan da suka yi rabon duk ƙasa ta rufe musu ido, dagaci kuma ya ce zai yanke magana kafin ruwan shuka. In babu shaida, dorawoyin sun tafi. Da kalwarsu Inna take daddawa, da daddawar nan ta riƙe gida tun rasuwar mijinta.

Kawu ya kurɓi ruwa ya ajiye kofi.

"Ikon Allah. Wannan ba kyamarar Abdulmumin ba ce?"

"Ita ce, Kawu."

"Kin iya aiki da ita?"

"Ina dai koyo. Na ɗan kalli bidiyo a waya."

Ya yi dariya har da dukan cinya.

"Bidiyo! Ga ni a raye? Ni nake goya babanki a babur in za shi ɗaukar biki a Kademi. Babu abin da ban sani ba a jikinta. Matso in koya miki."

"Ka ga kuwa ta huta," in ji Inna daga bakin murhu. "Tun da ta ɗauko ta take jujjuya ta, ko shara ba ta yi min."

Muhsina ta matso, amma ba ta cire igiyar daga wuyanta ba.

Gaskiya ɗaya ce, Kawu ya san kyamarar. Ba zan ci haƙƙinsa ba.

"Fara cire murfin gilashin. Wannan ba irin wayarku ba ce. Ta 'yar tagar nan ta sama kike leƙe, ita kuma ta gilashin gaba take ɗauka. Ko murfin yana rufe za ki ga duniya tas. Sai an je wanki a ga baƙi ƙirin."

Ta cire.

"Yauwa. Leƙa ki kalle ni. Me kika gani?"

"Na gan ka. Akwai kuma wani ɗan tabo ruwan ɗorawa a tsakiya."

"Ɗora tabon a fuskata."

Ta ɗora. Sai ta ɗan janye ido, ta sake leƙawa.

"Kawu, kai biyu nake gani."

"Haka ake so. Kama zoben da ke jikin gilashin, ki riƙa juyawa a hankali har mu haɗe mu zama ɗaya. In muka haɗe, hoto zai fita tangaran. In ba mu haɗe ba, dishi-dishi."

Ta fara juyawa. Fuskokin nan biyu suka riƙa matsowa, hanci ya hau kan hanci, hula ta hau kan hula. Daɗi ya kama ta har cikin ranta. Ashe abin da Baba yake gani ke nan duk lokacin da ya rufe ido ɗaya. Ta ji ƙwalla tana neman zubo mata.

Amma da fuskar ta haɗe ta fito fes, sai ta lura da wani abu. Bakin Kawu murmushi yake. Idonsa kuwa ba ya kallon gilashi kamar mai jiran hoto. Gefen kyamarar yake kallo, wajen murfin baya.

"Danna na sama," in ji shi.

Ƙyas!

"Madalla. Yanzu ja wannan hannun na dama da babban yatsa har ya tsaya."

Ta ja. Da ta ja, sai wani ɗan kai zagayayye da ke can hagu ya juya da kansa.

Ta tsura wa ɗan kan ido.

Kafin datarta ta ƙare daren jiya, abin da mai bidiyon nan ya fi nanatawa ke nan: in ka ja hannun dama ka ga kan hagu ya juya, to akwai fim a ciki. Kuma duk hoton da aka riga aka ɗauka yana nan a warware a bayan murfin. Haske ya taɓa shi, ya ƙone, har abada.

Ta ɗaga kai. Kawu ma ya gani. Ta san ya gani, don ya haɗiye yawu har maƙogwaronsa ya motsa.

"To," ya ce, ya gyara hula. "Saura babban darasi. Kawo ta nan."

"Wane darasi, Kawu?"

"Shanya. Kyamarar da ta shekara da shekaru a adaka, fumfuna ta gama cin cikinta. Dole a buɗe bayan a shanya ta a rana. In ba haka ba gilashin zai mutu."

"A rana?"

"A rana tsaka. Ga ta ma kuwa ta yi kyau."

"To in da fim a ciki fa?"

"Babu komai a ciki."

"Amma na ga wannan ya juya."

"Tsufa ne. Ƙarfe in ya tsufa haka yake motsi shi kaɗai."

Hmm. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Inna ta juyo da muciya a hannu.

"Shanya kuma, Yaya? Ni ban taɓa ganin Malam ya shanya ta ba. Shi da ko buɗewa zai yi sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Sai ka ji yana juya wani abu ƙir-ƙir-ƙir tukuna."

"Ke Hanne me kika sani a kyamara? Kula da kalwarki kar ta kama."

Inna ta yi 'yar dariya ta koma kan tukunya.

Muhsina kuwa maganar nan ta ƙir-ƙir ta tsaya mata. Ta tuna. Mai bidiyon ya nuna: akwai ɗan maɓalli a ƙasan kyamara, ka danna shi, ka ɗaga ɗan hannun da ke kan hagun nan, ka yi ta juyawa. Fim ɗin zai naɗe ya koma cikin ɗan gwangwaninsa, inda haske ba ya shiga. In ka ji hannun ya yi sako-sako, an gama.

Ba ta taɓa gwadawa ba. Kuma fim ɗin ya tsufa, zai iya tsinkewa.

A hankali ta ja kyamarar ta shigar da ita ƙarƙashin hijabi.

"Me kike ɓoyewa?"

"Ba komai, Kawu. Ƙarfen ne ya ɗau zafi."

Yatsanta ya lalubo maɓallin. Ta danna. Allah da ikonsa, daidai lokacin injin markaɗen maƙwabta ya tashi, ƙara ta cika gidan. Ta fara juyawa. Da ƙyar ɗan hannun yake tafiya.

Dole ta ja shi da magana.

"Inna, wai yaushe rabon Baba da fita da kyamarar nan?"

Inna ta ɗago kai daga tukunya.

"Bari in gani. Ai ina jin tun ranar rabon gona. Da muka dawo daga Gafasa ya ce kansa yana sara masa. Kwanciyar da bai tashi ba ke nan, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Ya yi hoto ranar?"

"Ranar babu fim a ciki!"

Kawu ne ya faɗa, da ƙarfi har ya danne ƙarar injin. Kazar da ke tsintar ƙasa kusa da tabarma ta yi tsalle.

Muhsina ta dube shi, hannunta yana ci gaba da aiki a ɓoye.

"Ya aka yi ka sani, Kawu?"

"Shi ya faɗa min."

"Ya faɗa maka babu fim, kuma ya ɗauko ta tun daga Gaya har Gafasa?"

"Ado ne. Babanki ko masallaci za shi sai ya rataya ta."

"A'a Yaya," in ji Inna, ta ajiye muciyar. "Ka manta? Ai ya tsayar da mu. Ni da kai da dattawan nan, lokacin da ake dasa gamba. Har ya ce in matsa inuwar dorawa ta rufe min fuska. Kai kuma ya ce ka ɗora ƙafa a kan turken iyaka."

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Har ka ce masa ya yi sauri tururuwa suna hawa maka ƙafa. Ni na ɗauka hoton ya ɓace cikin hidimar jinya, ban ma ƙara bi ta kansa..."

Maganar ta tsaya mata a baki. Ta dubi hijabin 'yarta. Ta dubi yayanta.

Kawu ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe riga.

"Wato abin da kuka shirya min ke nan? Na baro aikina ana sharar gona, na ƙona mai, na zo in koya wa yarinya sana'ar ubanta, shi ne za ku titsiye ni da tambayoyi kamar ɓarawo?"

"Haba Yaya, wa ya isa?"

"'Yarki mana! Dubi yadda take kallona. Tarbiyyar da kika yi mata ke nan?"

Jikin Inna ya yi sanyi. Kun san Inna da yayan nan nata. Shi ya goye ta, shi ya kai ta ɗakin miji. Ko a rigimar gonar, kullum cewa take mantuwa ce kawai, Yaya ba zai ci haƙƙinta da gangan ba. Abin yana ba ni haushi, amma ya za a yi da mai zuciya irin tata.

"Ke 'yar nan, ba shi."

"Inna..."

"Na ce ki ba shi. Kawunki ne."

"Inna, in ya buɗe ta a rana komai ya ƙone. Hoton iyakar yana ciki."

"Ji min ƙarya!" in ji Kawu. "Na ce babu komai. In babu komai, me zai ƙone?"

"In babu komai, Kawu, me zai hana mu bari sai an kai ta Kano wajen masu wanki su buɗe?"

"Su sace gilashin su sa miki na roba? Ba ki san mutanen birni ba."

Har yanzu ɗan hannun da Muhsina ke juyawa bai yi sako-sako ba. Tana juyawa, tana jin fim ɗin yana ja kamar zai tsinke. A zuciyarta babu addu'ar da ba ta karanto ba.

Injin markaɗen ya mutu ɗif.

Gidan ya yi tsit. Sai ƙir... ƙir... ƙir... daga ƙarƙashin hijabi.

Idon Kawu ya kaɗa.

"Me kike juyawa?"

"Carbi ne."

Carbi! Yarinyar nan Allah ya shirye ta.

Ya yo kanta. Ta ja da baya har ta jingina da turken rumfa. Ta ƙara juyi ɗaya, ta ƙara wani, sai ta ji wani ɗan tas a ciki, hannun ya tafi sululu babu nauyi.

Naɗewa ya gama ko tsinkewa ya yi? Wallahi ba ta sani ba.

"Ba zan ƙara faɗa ba," in ji Inna. "Kar ki sa in yi miki baki a kan ƙarfe."

Muhsina ta fito da kyamarar. Ta cire igiyar daga wuyanta, ta miƙa da hannu biyu, kanta a ƙasa.

Kawu ya fizge. Mai koyarwa bai ce "duba ki gani" ba, bai ce "ga yadda ake yi" ba. Ficewa ya yi daga inuwar rumfa da sauri har yana tuntuɓe da buta, ya tsaya a tsakiyar tsakar gida inda rana ta fi ƙwallewa. Ya kama kan hagun nan ya finciko shi sama.

Ɓas!

Murfin baya ya buɗe. Ya wangale shi, ya ɗaga kyamarar sama ya fuskantar da cikinta ga rana, ya riƙe ta haka. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya wadda har Inna ta ji daga bakin murhu.

"Shi ke nan," ya ce. "Ta sha iska."

Sannan ya sauko da ita ya leƙa.

Wayam. Babu fim a shimfiɗe, babu ko ɗan guntu.

Ya juya ta, ya girgiza. Wani ɗan gwangwani mai kamar batirin tocila ya faɗo ƙasa, ya gangara, ya wuce buta, ya wuce kwandon kalwa, bai tsaya ko'ina ba sai a jikin ƙafar Inna. A rufe yake ruf. Fim ɗin gaba ɗaya ya shige ciki.

Muhsina ta dafe ƙirji. Ta sulale ta zauna.

Inna ta sunkuya ta ɗauka. Ta riƙe shi a tafin hannu tana kallo.

"Yaya, ka ce babu komai."

"Tsohon gwangwani ne. Fanko. Ba ni in jefar."

"Inna, kar ki ba shi!"

"Ke rufe min baki! Hanne, ba ni."

Ya miƙa hannu. Hannun rawa yake.

"In fanko ne, Yaya, me ya sa hannunka yake rawa?"

Ya sauke hannun. Murmushin nan da ya shigo da shi ya tafi, babu ko ɓurɓushinsa. Ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Hanne, ki saurare ni da kyau. Mu biyu muka rage a ɗakinmu. In kika bari aka wanke abin nan aka kai gaban dagaci, ni da ke mun raba hanya. Ranar da na mutu ko gawata kar ki zo kai."

"Innalillahi," in ji Muhsina.

Inna ta dubi ɗaurin raken da ke jingine a bango. Ta dubi kyamarar mijinta a hannun yayanta, bayanta a wangale yana reto. Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. Kalwa tana ta ƙauri a kan wuta, babu wanda ya waiwaya.

"Na yi murna da na ji sallamarka," ta ce a hankali. "Wallahi na yi murna, Yaya."

"To ba ni, komai ya wuce."

Ta kama haɓar zaninta. Ta sa gwangwanin a ciki, ta ƙulle, ta sake ƙullewa, ta soke a ƙugu.

"Muhsina."

Muhsina ta ɗago a firgice. Sai da ta waiwaya ta ga ko da wata ake, don ba ta taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba.

"Na'am, Inna?"

"Tashi ki sa wa ƙofar gida sakata. Kawunki ba zai fita ba sai ya gaya min wanda ya tuge gambar nan."